Kafin Ka Ɗauki 'Yar Mutane Zuwa Yankari

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Labari ya iske ni cewa kai da iyalinka kuna shawarar zuwa Yankari in an gama kaka, ku ga daji, ku huta kwana biyu. Na san halin ƙasarmu. Daga Durun har Kabo, daga Kabo har Gwarzo, in mutum ya furta irin wannan magana a majalisa ba za a rasa mai taɓe baki ba. Wani zai ce bidi'ar 'yan boko ce, wani ya ce kuɗi ne suka yi maka yawa. Kada ka ga laifinsu. Mu haka muka taso, mace ba ta hawa mota sai biki, ko suna, ko gaisuwar mutuwa, ko asibiti. Iyayenmu mata da yawa sun koma ga Allah ba su taɓa ganin abin da ke bayan Kano ba, alhali su suka yi daka, su suka yi surfe, su suka raini gari. Saboda haka ni ban ga aibun niyyarka ba. Wanda ya ɗauki matarsa ta sunna ya kai ta ta ga ikon Allah da idonta, ya kyauta, kuma ina fatan yana da lada.

Sai dai ka tattara hankalinka ka ji abin da zan faɗa maka. Ranar da aka ɗaura maka aure, waliyyinta ya ce ya ba ka amana, kai kuma ka karɓa a gaban shaidu. A gida kana da masu taya ka riƙon amanar nan. Mahaifiyarka na nan, ƙannenka na nan, maƙwabta na nan, gidan iyayenta ma tafiyar babur ce. Amma ran da motarku ta haye gadar Wudil, ba ta da kowa sai Allah sai kai. Yunwarta a wuyanka take, haka ƙishirwarta, da tsoronta, da mutuncinta. Duk abin da zan lissafa maka nan gaba, na hanya ne ko na kuɗi ko na namun daji, daga wannan tushe ya fito. Giwa in ta ga dama ta fito, in ta ga dama ta ɓuya. Abin da matarka za ta dawo da shi wanda ba ya gogewa shi ne irin riƙon da ka yi mata a inda babu idon kowa.

To, ka fara da ita. Kada ka gama tsara komai da abokanka a teburin mai shayi, sannan ka shigo da dare ka ce, "Ki shirya, jibi za mu tafi." Zaunar da ita za ka yi, ka gaya mata inda wurin yake, da nisansa, da abin da ake gani, da kuɗin da kake da shi. Ka tambaye ta ko tana so, ka kuma ba ta kwanaki ta yi tunani, domin 'ya'yanmu mata an tarbiyyantar da su da kunya, "to" ɗin farko ba kullum take nufin yarda ba. Wata tana tsoron daji. Wata mota ke juya mata ciki. Wata kuwa tana da ƙaramin cikin da ba ta ma faɗa ba tukuna. In akwai juna biyu, kada ku ɗaga ƙafa sai an je awo an tambayi ma'aikatan asibiti, don hanyoyin cikin daji gargada ce zalla, kuma dajin ba gudu zai yi ba. In ka lura zuciyarta ta fi karkata ga ziyarar 'yar uwarta a Zariya ko Katsina, ka kai ta can. Hutun da aka tilasta wa mutum wahala ce da aka saya da kuɗi.

Daga nan sai iyaye. Ka je ka durƙusa gaban mahaifinka da mahaifiyarka ka nemi albarka, sannan ka taka da ƙafarka zuwa gidan surukanka ka sanar da su. Aike ba ya wadatarwa a nan, waya ma haka. Ka faɗa musu ranar tafiya da ranar dawowa, ka bar musu lambar da za a same ku. Uwar yarinya ba za ta runtsa ba in ta ji a bakin mata cewa an kai 'yarta dajin zaki. In daga bakinka ta ji, da bayani a natse, addu'a za ta bi ku da ita. Ka kuma samu wanda zai kula da tumaki da shanun huɗa, da wanda zai yi ban ruwa in kana da noman rani, don kada kana can zuciyarka tana kan tumatir.

Maganar kuɗi kuwa, ga ta a taƙaice: kada ka ci bashi don yawon buɗe ido. Kada ka taɓa hatsin da gida zai ci har damina, kada ka sayar da iri, kada ka taɓa kuɗin taki. Kada ka kuskura ka kalli 'yan kunnenta ko akuyarta da sunan "ai tare za mu ji daɗin". Dukiyarta tata ce. Yadda kake kai taki gona tun rani, jaki bayan jaki, tun kafin a ga hadari, haka za ka tara kuɗin tafiyar nan, kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Ka ɗauki takarda ka rubuta: kuɗin mota zuwa da dawowa, kwanan Bauchi, kuɗin shiga a ƙofar daji, ɗakin kwana a ciki, abinci, motar zagaya daji da ɗan jagora, tsaraba. Farashi a ƙasar nan ba ya kwana inda ya yini, don haka ka nemi lambar masu kula da wurin ka tambaya da bakinka ana saura 'yan kwanaki, ka kama ɗaki tun kafin ku tashi. In ka haɗa jimla, ka ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai, ka ware shi a wani aljihu daban, na ko-ta-kwana. Ka riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin a cikin daji sabis yana zuwa yana ɗaukewa, tiransifa tana iya maƙalewa a daidai lokacin da ake jiranka ka biya. In lissafin bai kai ba bana, ka bari sai baɗi. Babu abin kunya a ciki. Abin kunya shi ne mutum ya tsaya yana jayayya da mai masauki a kan ciko, matarsa na gefe ta sunkuyar da kai.

Za ka ji samari na ambaton wasu dazuzzukan. Gashaka Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, a can ne ma dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan yake. Amma nisansa da hawa da gangarensa ba na amarya ba ne a fitar farko. Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, da dajin Kainji, da gandun W na Nijar, duk sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, ba wurin kai iyali ba ne sai ƙura ta lafa sarai. Falgore namu ne na Kano, a kan hanyar Jos, sai dai ya daɗe da yin suna wajen ɓarayin shanu, har ta kai sojoji sun mayar da wani sashe nasa filin atisaye. Shi ya sa mai fita daga yammacin Kano idonsa ke komawa Yankari. Akwai kwalta har ƙofa, akwai ɗakunan kwana, kuma mutanen wurin Hausa za su yi maka.

Ya kamata ka san wurin da za ka tun kafin ka isa, don in ta tambaye ka ka samu abin faɗa. Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi. Gwamnatin Arewa ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 jihar Bauchi ta karɓi abinta. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. In lambar ba ta shiga kanka ba, ka haɗa ƙasar Kabo da ta Gwarzo gaba ɗaya, da garuruwansu da gonakinsu, ka ninka kusan sau uku. To, a cikin wannan fili giwayen da suka rage ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, kuma duk da haka suna cikin garke mafi yawa da ya saura a Nijeriya. Zakuna kuwa 'yan ƙalilan ne, mutane da yawa sun je sun dawo ba su ga ko sawunsu ba.

Na faɗa maka wannan ne don kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba. Yankari ba gidan zoo na Audu Bako ba ne, inda zaki ke kwance a keji yana jiran mai tikiti. A can dabba a gidanta take, kai ne baƙo. Kada ka ce mata, "Wallahi sai kin ga giwa." Ce mata, "Za mu je mu ga abin da Allah ya nufe mu da gani." In an yi sa'a ga ɓauna, ga gwanki, ga kanki, ga gwambaza da mazo, ga dorina da kada a bakin ruwa. Birai da mugun dawa kam har ƙofar ɗaki za su zo muku. Tsuntsaye sun fi iri 350, daga zabin daji har burtu. Raƙumin dawa da jakin dawa kada ka sa rai da su a nan. In tana son ganinsu, gandun Sumu yana ƙasar Ganjuwa, kusa da hanyar da za ku bi tsakanin Ningi da Bauchi, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006.

Sai lokaci. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa na ko'ina, dabbobi sun watsu, kai ma gona na jiranka. Lokacin gani shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Dalili kuwa, kogin Gaji ne ya ratsa tsakiyar dajin, kuma in tafkuna suka ƙafe duk mai rai dole ya gangaro gare shi. Gwargwadon tsananin rani, gwargwadon yawan abin da za a gani. Sai dai kowane wata da nasa. Disamba da Janairu akwai hunturu da hazo, sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota kuwa yana ratsa ƙashi, sai da rigar sanyi da bargo. Maris da Afrilu dabbobi sun fi taruwa, amma zafin bazara ba ya wasa. Ka kuma duba kalanda, domin a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a tsakanin Fabrairu da Maris. Ka kauce wa hutun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da wurin ke cika da 'yan makaranta da 'yan birni, ɗaki ya yi wuya, hayaniya ta kori dabba. Ku je a tsakiyar mako. Za ku fi samun natsuwa, ita ma za ta fi sakewa.

Hanya doguwa ce, kada ka yarda ka haɗa ta a yini ɗaya. Ku yi sallar asuba ku kama hanya, ku bi ta Rimin Gado da Janguza ku shiga Kano ta Kabuga. Daga Kano zuwa Bauchi kimanin kilomita 300 ne, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi. In motar haya ce, ka biya mata kujerar da ba za a matse ta da maza ba, ko da za ka sayi kujera uku ku biyu. In taka ce ko ta aro, ka kai ta wurin bakanike tun da sauran mako guda, a duba birki da tayoyi da safaya, ka kuma ɗauki takardun mota da katin shaidarku ku biyun. Takardar shaidar aure ma, in kana da ita, ka sa a jaka, don wani masaukin yakan tambaya. A hanya kada ka jira sai ta ce tana son tsayawa. Ba za ta faɗa ba, ko da ta matsu. Kai za ka riƙa lura, ka nemi wuri mai tsabta da sutura, a gidan mai ko kusa da masallaci, ka tsaya mata a bakin ƙofa.

Ku kwana a Bauchi. Gari ne mai tarihi, Malam Yakubu, ɗaya daga masu tutar Shehu Usmanu, shi ya kafa shi. Da safe ka kai ta kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a Janairun 1966, ku yi masa addu'a. Ka saya mata masar Bauchi da ake ta labari. A nan za ka cika tanki, ka sayi ruwan sha mai yawa, da burodi, da 'ya'yan itace, da maganin sauro. Daga Bauchi sai hanyar Gombe har Dindima, inda za ku karya dama zuwa Mainamaji, ƙofar dajin. Daga ƙofa kuma da sauran tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin sansanin Wikki, inda masaukin yake. Gaba ɗaya daga Bauchi ya ɗan haura kilomita ɗari. Ka yi lissafi yadda azahar za ta same ku a ciki.

Ga doka guda da ba na so ka karya ko da wasa: kada dare ya same ku a kan hanya, zuwa ko dawowa. Kai ɗan yammacin Kano ne, ka san abin da maƙwabtanmu na iyakar Katsina suke gani, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Wasu ƙauyukan Alkaleri da ke gefen dajin su ma an sha jin labarin 'yan bindiga a cikinsu. Saboda haka ana saura mako guda ka tambaya, ana gobe tafiya ka sake tambaya. Ka tambayi ma'aikatan wurin, ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, ka saurari rediyo. Matambayi ba ya ɓata. In ka ji abin da bai kwanta maka a rai ba, ka fasa, ko da ka riga ka biya kuɗin ɗaki. Kuɗi ana samun wasu. Kada girman kai ko tsoron dariyar abokai ya sa ka jefa 'yar mutane a abin da ba za ka iya fitar da ita ba.

In kun sauka lafiya, abin da zai fara tarbarku birai ne, irin manyan nan na gwaggo. Sun saba da mutane har sun raina su. Suna fizge leda daga hannu, suna shiga mota in an bar gilashi a buɗe, suna tura ƙofar ɗaki in ba a sa sakata ba. Ka gargaɗe ta tun a hanya don kada ta firgita. Kada ta riƙe abinci a fili, kada ku ba su komai, in kuma sun ƙwace abu a bar musu, domin haƙoransu ba na wasa ba ne. Kai ka riƙe ledar, ka sa ta a gefen da babu su. Ka duba ɗakin tun da rana, ruwa da wuta da makulli da gidan sauro. In da abin da bai yi ba, ka faɗa wa ma'aikata cikin ladabi. Ɗaga murya a gaban matarka ba ya ƙara maka girma, tsoronka kawai yake sa mata.

Zagayen daji ana fita ne da sassafe ko da la'asar, lokacin da dabbobi ke motsi, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora. Abin da ya ce shi ne doka. In ya ce a yi shiru, a yi shiru. In ya ce kada a sauka, kada ka sauka don ka nuna mata kai jarumi ne. Ɓauna da giwa mai ɗa ba su san jarumi ba. Akwai ƙudan tsando a kurmin bakin kogi, cizonsa da zafi, kuma baƙin tufafi da shuɗi ne ke jawo shi. Ka faɗa mata tun a gida ta ajiye baƙin hijabi da shuɗi, ta ɗauko mai ruwan ƙasa ko wani mai haske, da safa, da takalmi rufaffe. In an yi awa biyu ba a ga abin kirki ba, kada ka ɓata rai, kada ka huce a kan ɗan jagora. Ka nuna mata itatuwa. Kai ɗan manomi ne, za ka gane maɗaci da marke da kawo da maje da taura da ɗinya, tsaye da girmansu, irin waɗanda kakanninmu suka sani a dajin ƙasarmu kafin gatari da gawayi su cinye su. Yawancin yaran yanzu a suna kawai suka san su.

Ka roƙa a kai ku kogunan dutse da ake kira da sunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse. Akwai tsofaffin rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari, da kufan matoyar ƙarfe ta maƙeran farko. A sansanin kuma akwai ɗan gidan tarihi mai fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Dajin da kuke gani shiru, a da garuruwa ne da mutane, suna ƙira, suna aure, suna haihuwa. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan tare, don irin tunanin da ake fita nema ke nan.

Sai ruwan Wikki, wanda saboda shi wasu ke zuwa. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa ba ya sauyawa rani da damina, dare da rana, yana kan digiri 31. Lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji. A nan nake so ka yi hattara ta fuska biyu. Ta farko, wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, ya shanye dogon mutum. In ba ka iya ruwa ba, ku tsaya can ƙasa inda bai da zurfi, kada kuma ka ja ta ciki da sunan wasa. Ta biyu, wuri ne na kowa da kowa, maza da mata, da baƙi masu al'ada daban da tamu. Kada ka kai ta tsakiyar rana lokacin cunkoso. Ku sauka da sanyin safiya kafin jama'a su taso. In ta ga za ta iya shiga da suturarta, madalla. In ta ce ƙafa kawai za ta tsoma, ka ƙyale ta. Kai ma ka kiyaye idonka. Babu abin da ke ƙona zuciyar mace kamar ta ga mijin da ya kawo ta yana kallon wata, kuma irin wannan tabo yakan daɗe bai warke ba.

Kada hutu ya sa ku huta da sallah. Ku ɗauki dadduma da buta. Tafiyarku ta wuce mil 48 da malamanmu suka ƙayyade, saboda haka kuna da sauƙin kasaru a azahar da la'asar da lisha, matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. Ka je wurin limaminku kafin tafiya ya warware maka hukuncin dalla-dalla, har da na haɗa salloli, ka zo ka koya mata. Ka ja ta sallah ku biyu. Da yawa daga mazajenmu sun shekara da aure matansu ba su taɓa jin karatunsu ba.

Wayar nan kuma ka sa ta a aljihu. Ɗauki hoto don tarihi, amma kada ka yini kana kallon daji ta cikin gilashin waya, ita tana zaune kamar ba tare kuka zo ba. Kada ka watsa hotunanta a Facebook da TikTok, kada kuma ka sanar da duniya inda kuke tun kuna can. Ba kowane mai kallo ne masoyi ba. A gida hira ba ta samuwa, daga gona sai kasuwa sai majalisa, ka shigo ta yi barci. A can babu mai sallama da kai. Ka tambaye ta abin da take so a rayuwarta, ko karatu ne, ko sana'a, da abin da ke damunta a gidanku wanda ba ta iya faɗa. Ka saurara har ta kai aya, kada ka katse ta da kare kai. Za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba, kuma shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin motar.

Ke kuma 'yata, ga taki. Mijinki ya yi abin da ba kowa ke yi ba, ki nuna masa kin gani. Kada ki auna tafiyarki da ta matan da kike gani a waya suna Dubai, kowa da arzikin da Allah ya ba shi. In ɗaki bai kai yadda kika zata ba, ko wuta ta ɗauke, ko giwa ta ƙi fitowa, ki yi haƙuri, ba shi ya hana ba. Amma haƙuri daban, ɓoye ciwo daban. In kin gaji, ko kina jin zazzaɓi, ko wani abu ya tsorata ki, ki faɗa masa nan take. Ki haɗa kayanki da kanki, da magungunanki da abin buƙatar mata, don a daji babu kantin da za a aika yaro. In kin dawo, ki ba da labari da godiya, ban da yanga a gaban waɗanda ba a kai su ba.

Ɗana, dajin nan ma amana ne. Kada ku yar da leda ko gora, ku tattaro sharar ku. Kada ka sayi naman daji, ko fata, ko wani abu na haure, ko da an rantse maka maganin ƙarfe ne. Kowane sayayye shi ke aika wani mafarauci ya koma ciki. Masu gadin dajin suna kwana a jeji don kare dabbobin nan, wasunsu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki da gwamnatin Bauchi wajen sintiri, har da sa wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda suka nufa, saboda sukan fita su shiga gonakin ƙauyukan gefe. Kai manomi ne, ka san zafin a wayi gari a ga an tattake dawar shekara. To, ka girmama mutanen ƙauyukan nan, ka sayi abin da suke sayarwa, ka kuma yi wa ɗan jagora alheri gwargwadon hali. Da irin wannan ne dajin zai kai ga jikokinka.

Ran dawowa ma ku raba hanyar biyu, ku kwana a Bauchi, washegari ku fito da sassafe, don magariba ta same ku a gida. Kada ka manta da tsaraba, ko ba yawa: ta mahaifiyarka, ta surukarka, ta yaran gida. Ku fara sauka wurin iyaye ku gaishe su, washegari ka kai ta gidansu su gan ta da idonsu. In sauro ya cije ku a can kuma zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti a yi gwaji, ban da jinkiri. Sannan ka riƙe wannan: kulawar da ka nuna mata a hanya, ruwan da ka miƙa mata, jakar da ka ɗaukar mata, sauraron da ka yi mata, kada ka bar su a Mainamaji. Ka shigo da su Durun, ka ci gaba da su a ranakun da babu hutu, don a nan ne aka fi buƙatarsu.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum da na dabba. Ya sa albarka a aurenku, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.